Yadi Shida a Ƙasan Akwatin Mai Shuni

Duk ranar zaɓe, in Inna Mai Shuni ta doso rumfar zaɓen unguwarsu, layin mata darewa yake yi a ba ta hanya. Ba ta taɓa roƙa ba. Can ƙarshen layi take laɓewa, ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, amma ba a minti biyar sai wata ta hango ta, a fara tafi, a yi ta tura ta gaba kamar buhun auduga har sai ta isa bakin tebur. Matan da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da abin ya faru su ne suka fi zaƙewa, suna nuna wa 'ya'yansu ita, wai ga matar da ta kai koken mata ofis a zamanin da shiga ofis sai mai tsaurin ido. Ita kuwa takan dangwala yatsa, ta jefa takardarta a akwati, ta koma gida ta kwanta da ciwon kai. 'Ya'yanta sun ɗauka rana ce take dukanta. Ba rana ba ce. Koken nan bai taɓa shiga hannun kowa ba, yana nan a ƙasan akwatinta yau shekara arba'in da ɗaya.

An haife ta a layin gidajen masaƙa, ɗakuna iri ɗaya a jere da rufin kwano, famfo guda ga kowace ƙofa goma. Babanta gyaran injin saƙa yake yi, kuma ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya, don haka a gidansu ko gaisuwa da ihu ake yin ta. Ita kaɗai ta fito shiru-shiru kamar ba 'yar gidan ba. Tana shekara goma sha bakwai aka ɗauke ta aiki a ɗakin rini: a tsoma damin zare a manyan tukwanen ƙarfe, a juya da sanda, a tsamo, a matse, a rataye, tururi yana dukan fuska tun jiniyar safe har ta yamma. Kafin shekara ta zagayo hannuwanta sun rine har gwiwa, sunanta na yanka ya ɓace, ta koma Mai Shuni. Ana gobe aurenta ƙawaye suka zaunar da ita suka dirje hannuwan da lemun tsami da toka har suka kusa ɗaye mata fata, shunin ya ce yana nan. Angon, direban motar ɗaukar kaya ne a masaƙar, ya ce a bar masa abarsa haka, ko a tsakiyar kasuwa ba za ta ɓace masa ba.

Babbar ƙawarta ita ce Barkono, ma'aikaciyar ɗakin saƙa, wadda ta girme ta da shekara biyar. Mace ce 'yar guntuwa, ba jiki, amma a tsakanin injuna ɗari ta koyi magana, saboda haka in ta yi raɗa ana ji a layi na uku. Barkono ta faɗa, Mai Shuni ta yi, haka zamansu yake, kuma ba wadda ta taɓa jin an cuce ta. Mai Shuni ba ta iya cewa a'a ba. Mutane suna yaba mata wannan hali, shi ne kuwa ya kai ta ya baro.

A wancan zamanin ƙuri'a ta mai gidan kansa ce. Wanda yake kwana a ɗakin kamfani, ko ya shekara talatin yana tufatar da gari, ba a tambayarsa wa zai zauna a majalisar garin. Maza suka yi yajin aiki na mako bakwai a kan haka. Mata ne suka dafa, suka kai ruwa ƙofar masaƙa, suka sha kulki daidai da kowa, suka ɗaure kawunan da aka fasa da ɗankwalayensu. Da aka daidaita sai aka ba mazan ƙuri'a, shugabannin ƙungiyar ƙwadago suka dawo suna washe baki, suka ce wa matan su ƙara haƙuri za a zo kansu. Barkono ta ce ranar duka ai ba a ce su jira ba, da su aka fara.

Bayan shekara biyu aka kafa kwamitin jin ra'ayin jama'a, aka ba shi wata guda. Sharaɗin shi ne, duk unguwar da matanta suke son ƙuri'a su kawo koke da shaidar hannunsu. Unguwar da ta yi shiru, to ba ta so ke nan. Manajan masaƙa bai ɓata lokaci ba, ya sa aka manna sanarwa cewa duk wadda aka kama da takardar siyasa ta ɗauka ta ajiye aikinta da ɗakinta. Masu gadi suka shiga bincike, jaka, kwanon abinci, har ɗankwali sai an kwance. Takarda suke nema. A nan ne Barkono ta yi dabarar da har yau ake ba da labarinta, ta ce a masaƙa abin da ba ya ɗaga wa kowa hankali shi ne yadi.

Suka samo farin akoko yadi shida, wanda aka ware don zare ya tsallake a gefensa. Wata mai naɗe kaya da ta yi aji huɗu a makaranta ta rubuta koken a samansa da tsinke da ruwan rini, 'yan kalmomi kaɗan: mu matan masaƙa muna aiki a garin nan, muna haihuwa a cikinsa, muna binne namu a cikinsa, muna so a tambaye mu. Mai Shuni ta riƙa kawo rini mai kauri a gwangwanin man shafawa. Lokacin hutun rana sai a shimfiɗa yadin a ɗakin wankan mata, kowa ta dangwala babban yatsa, mai naɗe kaya ta rubuta suna a ƙasa, a tattara kafin jiniya. A ƙugu yake shiga, a ƙugu yake fita, don masu gadi maza ne, iyakarsu jaka. Da yamma a bi layi-layi da shi wajen matan da ba sa aiki. Har mahaifiyar Barkono, da take kwance ko juyi ba ta iya yi, sai da aka kama mata hannu ta dangwala, ta ce in ita ba ta gani ba jikokinta su gani. Yatsu ɗari huɗu da goma sha biyu aka samu. Wata guda matan unguwa suna yawo da shuɗin yatsa, masu gadi suna kallo ba su gane komai ba, don a masaƙa kowa da irin dattinsa.

Sai ranar ƙarshe ta wa'adin aka kammala, don kullum sai an tuna da wata da ba ta sa hannu ba. Barkono ba ta isa ta kai ba, 'yan sanda sun san fuskarta tun yajin aiki, ɗaya ma yana da tabon haƙoranta a hannu. Aka duba aka ga babu kamar Mai Shuni, wadda ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Ta so ta ce tana da goyon wata takwas, ta so ta ce tsoro take ji, amma ido ya yi mata yawa, ta ce to. Da yake an ji ana tare masu ƙunshi a hanyar ofis, Barkono da kanta ta naɗa mata yadin a kan fata, daga ƙasan ƙirji zuwa ƙugu, sannan ta kama bakinsa da allura da baƙin zare don kada ya zame. Aka ɗora riga da zani a sama. Da ta miƙe sai ga ta da cikin wata bakwai, mata suka yi ta dariya suna tambaya namiji ne ko mace. Wata guda suna naɗewa da kwancewa a tsakanin mata 'yan uwansu, duk dabararsu ta ƙare a yadda za a ɓoye shi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa shiga ofishin gwamnati, balle ta yi tunanin inda za a kwance.

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci ta isa. Dogon ɗaki ne mai benci uku, fanka ɗaya tana juyawa kamar an yi mata dole, da babban tebur a can ƙarshe. Maza ne cike, wasu da takardu a hannu, wasu da hula a gwiwa, ga 'yan sanda biyu a bakin ƙofa. Mace ita kaɗai. Akawun da ke karɓar koke, wani siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, yana ɗaga kai ya gan ta, ya zagayo daga bayan tebur, ya tambayi mazan ko ba sa ganin mai juna biyu a tsaye ne. Ya jawo kujerarsa ya ba ta, ya tsiyayo ruwa daga gorarsa a kofin silba ya ajiye a gabanta.

"Sannu, baiwar Allah. Me kika kawo mana?"

Ta kai hannu ƙugunta, ta ji ɗinkin Barkono daram. Sai a lokacin ta gane cewa in za ta ba da koken nan, sai ta sassauta zani ta ɗage riga a gaban maza arba'in. Ta tambaye shi a hankali ko akwai inda mace za ta ɗan shiga. Ya sosa ƙeya, ya ba ta haƙuri, ya ce wallahi ginin nan ba a yi shi da tunanin mata ba. Da ta ƙara masa kalma uku, da ya nemo mata lungu ko ya kori mazan waje, don da ganinsa mutumin kirki ne. Amma ɗan sanda ɗaya ya juyo yana kallon hannuwanta masu shuni, sai ta ji bakinta yana cewa ai ɓatan kai ta yi, asibiti take nema. Akawun ya rako ta har bakin titi, ya kwatanta mata hanya sau biyu, ya ce ta bi inuwa. Ruwan ko kurɓa ba ta yi ba.

Shekara da shekaru, in tana ba kanta labarin, a nan take son tsayawa, don kunya abin tausayi ce, kowa zai ce ba laifinta ba ne. Amma labarin bai tsaya a nan ba, kuma ta sani. A tsallaken titi akwai shagon wata tela, mace, da jan labule a ƙofar ɗakin gwaji. Agogon ofis ya nuna biyu da rabi, ba a rufewa sai huɗu. Tana shirin tsallakawa sai ga matan wata unguwa sun taho da nasu koken a gungu, suna waƙa, motar 'yan sanda tana biye. Aka ja biyu daga cikinsu a ƙasa zuwa mota, ɗankwalin ɗaya ya faɗa kwata. Sauran suka kutsa suka miƙa takardarsu duk da haka. Mai Shuni ta tuna jaririnta, ta tuna ɗakin kamfani da aikin mijinta. Ta tsaya a gindin wata bishiya tana kallon jan labulen nan, tana cewa bari motar ta tafi. Motar ta tafi ƙarfe uku. Ta ce bari numfashinta ya dawo. Yana kan dawowa akawun ya fito ya sa kwaɗo a ƙofa.

Sai a sannan ƙafarta ta yarda ta tsallaka. Telar ta ara mata almakashi, ko tambaya ba ta yi ba. Kwancewar duka ba ta ci minti biyu ba, kuma minti biyun nan sun fi komai tsaya mata a rai. Ta naɗe yadin ta cusa a ƙasan jaka ta rufe da mayafi. A bakin famfo mata suna jira. Tun daga nesa suka ga cikin ya sauka, suka kaure da tafi da tsalle, ba ta ma buɗe baki ba aka yi mata ƙaryar aka gama. Da a nan ta tsaya ma da sauƙi. Amma Barkono ta rungume ta tana kuka, ta tambaye ta wa ya karɓa.

"Wani akawu ne, mai tabarau," in ji Mai Shuni.

Bayan wata uku rahoton kwamiti ya fito. Unguwannin da suka kai koke aka ba matansu ƙuri'a a zaɓen majalisar gari. Unguwar masaƙa kuwa layi ɗaya aka yi mata, cewa ba a sami buƙata daga matan wannan yanki ba. Sai da suka ƙara shekara tara kafin dokar ƙasa ta game kowa. A cikin shekarun nan aka bi da ruwan rinin masaƙa ta bayan layinsu, aka kai ɗakin haihuwa can wata unguwa mai yawan ƙuri'a, ba wanda ya tambaye su.

Barkono ba ta jira shekara tara ba, ko kwana ɗaya ba ta jira ba. Ta tafi ofis, ta hau kan benci, ta nuna akawun da yatsa a gaban kowa, ta kira shi maƙaryaci, maci amana, wanda ya haɗiye yatsun mata ɗari huɗu don manaja ya shafa masa kai. Mutumin ya cire tabarau ya rantse bai ga yadi ba, bai ga mai yadi ba, ya ce a kawo masa wadda ta ba shi su haɗa ido. Aka kama ta, a gaban alƙali ma aka ce ta faɗi sunan 'yar aiken a sake ta. Barkono ta ce ko yanka ta za a yi ba za ta faɗa ba, yarinyar tana da goyo. Mai Shuni tana zaune a benci na biyu a kotun, da goyon a baya, ta ji da kunnenta. Aka ɗaure Barkono wata huɗu, aka kore ta daga aiki, aka fitar da kayanta daga ɗaki. Tsohuwarta ta rasu ita tana kurkuku.

Shi kuwa akawu ba a kore shi ba, ba a kuma ƙara masa girma ba har ya yi ritaya. Suna dai ya samu, Akawu Haɗiyau. Gidansa yana bakin unguwar, kusa da gadar jirgi. In matarsa ta zo kasuwa sai a ce mata kayan an riga an saya, 'ya'yansa kuma ana bin su da waƙa har ƙofar makaranta. Da zamani ya sake, aka fara taron tunawa da 'yan gwagwarmaya, da shi ake kafa misalin irin mutanen da suka tare hanya. Mai Shuni ta shekara arba'in tana zagaye titinsu, ko da zai ƙara mata tafiyar rabin awa. Ta san ba gane ta zai yi ba, ita ce ba ta son ganinsa.

Ta yi duk abin da mai laifi yake yi, ban da faɗin laifin. Ita ta riƙa kai wa Barkono abinci kurkuku, ita ta yi jinyar tsohuwar har ƙarshe, ita ta raba ɗakinta biyu da labule ranar da aka sako ta. Duk zanga-zangar da aka yi bayan nan, ta neman a buɗe jaridu, ta neman soja su koma bariki, ta neman a sake ƙirga ƙuri'u, tana sahun gaba, kuma a ranta fata take wani kulki ya same ta da kyau ko ta ji sauƙi. Bai taɓa samunta ba. Mutane suka ƙara yaba mata, wai ga jarumta ga riƙon amana, kowane yabo tana jinsa kamar an watsa mata ruwan tukunyar rini a baya. Mijinta ya rasu bai sani ba. Masaƙa ta rufe, shunin hannunta ya koɗe ya bar ɗan baƙi-baƙi a gindin farce, ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da zare da allura da maɓalli. Barkono kuma ido ya tafi, sai dishi-dishi, bakin ne dai yake nan da ƙarfinsa. Kullum da hantsi Mai Shuni ke zuwa ta riƙo hannunta ta kawo ta gefen teburin.

Sau uku ta fito da yadin za ta ƙona, sau uku ta mayar, don ta san wurin yatsan kowa, da mai rai da wadda ta tafi. Daga baya ta naɗe shi a takarda da ƙwayar kafur, ta ce wa 'yarta likkafaninta ne, kada a taɓa sai ranar. Dabarar ta yi, don ba wanda ke son leƙa irin wannan ajiya. A cikin dabarar kuma akwai wata: ranar da ta mutu za a buɗe a gani, gaskiya ta fito lokacin da ba mai iya tsare ta da tambaya. Ita a ganinta tuba ke nan. Tsoron nan ne dai na gindin bishiya, ya tsufa tare da ita.

Wata Talata da hantsi suna zaune a bakin tebur, mai sayar da gawayi ya tsaya sayen allura, ya tambaya ko sun ji tsohon akawun nan na bakin gada ya rasu jiya. Barkono ta taɓe baki, ta ce ya je ya tarar da yatsun a can suna jiransa, ita dai ƙafarta ba za ta taka gidan ba. Mai Shuni tana riƙe da kwalin allura, sai kawai ta ga allurai a ƙasa. Duk shirinta a kan mutuwarta ta gina shi. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa mutumin zai riga ta ba, ya tafi da sunan da ita ta ɗinka masa. Ta shiga ɗaki, ta sauke kwanuka da zannuwa daga kan akwati, ta fito da ƙunshin, ta warware shi a kan cinyar Barkono.

Barkono ta shafa. Akoko ne, hannunta ya sani. Ta bi gefen da zare ya tsallake har ƙarshe, sai yatsunta suka ci karo da guntayen zaren da aka yanke da almakashi, da ƙulli biyu a jere irin wanda ita kaɗai take yi. Ta daɗe hannunta yana wurin.

"Wannan ɗinkina ne."

"Naki ne, Yaya."

"Dawo miki da shi ya yi?"

"Bai taɓa ganinsa ba. Ban bayar ba."

Ta faɗa mata komai, kujerar, da kofin, da jan labulen, da bishiyar, har minti biyun. Ta shirya wa ihu, ta shirya wa mari, don unguwa duka ta san Barkono. Amma Barkono ta yi magana ƙasa-ƙasa, da muryar da ba a taɓa jin ta da ita ba. Ta ce wata huɗun ba komai, aikin ma ba komai. Ta tambaya ina yatsan tsohuwarta. Mai Shuni ta kama hannunta ta ɗora a wurin, layin ƙarshe daga hagu.

"Shekara arba'in ina zagin bawan Allah, ke kina zuba mini shayi," in ji Barkono. "Bakina ne, amma ke kika ɗora shi a kansa. Tsinto mini allura ɗaya."

Ta sa Mai Shuni ta shiga ɗaki ta tuɓe, da lalube ta naɗa mata yadin a inda ta naɗa shi da, ta kama bakinsa da baƙin zare. Ta ce yadda ya kamata ta kwance shi wancan karon, haka za ta kwance shi yau, a gaban mutane. Suka kama hanyar da Mai Shuni ta shekara arba'in ba ta bi ba. A bakin kwata Mai Shuni ta miƙa hannu kamar kullum, Barkono ta yi jim kafin ta kama.

"Ba wai na yafe ba ne," ta ce. "Gani ne ba na yi."

Gidan ƙarami ne, fentinsa ya ɗaye. Masu gaisuwa ba su da yawa, maza goma sha wani abu a kan benci a tsakar gida, mata a baranda, kusan duk dangi ne daga nesa. Daga unguwa ba kowa. Babbar 'yar marigayin, wata malamar makaranta mai furfura, tana ganin Barkono ta ɗaure fuska, don muryar nan ta bi ta har cikin aji tun tana yarinya. Barkono ta ce ba gaisuwa kaɗai ta kawo su ba, ta nemi a ara mata almakashi. Mai Shuni ta tsaya a tsakiyar tsakar gida, tsohuwa mai shekara sittin da biyar, ta sassauta zani ta ɗage riga. Maza suka kau da kai, wani ya fara salati. Barkono ta yanke zaren ta riƙe bakin yadin, Mai Shuni tana juyawa a hankali yana warwarewa, shuɗayen yatsu suna fitowa layi-layi har ya kusa kai bakin ƙofa. Sannan ta faɗi abin da ta zo faɗa, da ƙarfi, karon farko a rayuwarta da aka ji muryarta daga titi. Ta ce babansu bai karɓi komai ba, ita ce ba ta bayar ba, kuma ita ce ta ce shi ne.

'Yar marigayin ta daɗe tana kallon yadin. Ba ta yi zagi ba, Mai Shuni kuwa ta so a ce ta yi. Sai ta tambaya ko ranar ƙarshe ce ta wa'adin, kuma ko a haka ta shiga ofis ɗin, kamar mai ciki. Mai Shuni ta gyaɗa kai.

"Ashe ke ce," in ji matar. "Baba ba ya tanka zagin. In mun dawo muna kuka sai ya ce mutane ne aka cuta, dole su nemi wanda za su zaga. Abu ɗaya yake yawan tunawa game da ranar, har a ciwon nan nasa. Wai akwai wata mai ciki da ta shigo a gajiye, ya bar ta ta tafi asibiti ita kaɗai cikin rana, bai rufe ofis ya raka ta ba. Yakan ce, ko ta haihu lafiya?"

Wata daga baranda ta kawo wa baƙin ruwa, yadda ake yi wa kowa. Barkono ta karɓa ta sha. Mai Shuni ta riƙe nata kofin da hannu biyu, ta kasa kai shi baki.